Shruti Haasan: sunan ubanta take ci ko guminta?

Maman Nana, Tudun Wada

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga waɗanda suka san harkar finafinan Indiya ciki da bai ce, ba irinmu 'yan kallon fassara ba. Yarinyar nan Shruti Haasan, wadda ta fito da Allu Arjun a Race Gurram, mai cewa ita tsoronta a ciki take ji, dariyarta ma a ciki take yi, wai da gaske 'yar Kamal Haasan ce? Kuma da gaske mawaƙiya ce, ba mamin take yi ba kamar sauran?

Shagon ɗinki gare ni, kuma in aka ɗauke wuta muka koma aikin hannu, ni da 'yan matan da nake koya wa mukan jingina waya a jikin gwangwanin zare mu sa fim. Ƙanin maigidana ne ya shigo karɓar ɗinkin matarsa ya tarar muna yaba ta, shi ne ya ce mu daina wahalar da bakinmu, albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko. Wai da 'yar wani mai shayi ce a Indiya, ko ƙofar furodusa ba za ta gani ba.

Maganar ta tsaya mini a rai, don ni ma 'yar gado ce. Keken da na fara takawa na Innarmu ne, kuma har gobe akwai matan cikin birni da ke ce mini 'yar Hajiya mai ɗinki, ba su ma san sunana ba. In kaya ya yi kyau su ce ai hannun uwarta ne. In wuyan riga ya karkace kuwa, nawa ne ni kaɗai. Saboda haka ina so wanda ya sani ya warware mini tarihin yarinyar nan tiryan-tiryan, in san abin da zan faɗa wa mutumin nan ranar da ya dawo.

Sani Mai Tura Fim, Kwangila

Wa'alaikumus salam Anti. 'Yarsa ce ta cikinsa, ita ce babba. An haife ta a Madras, garin da yanzu ake kira Chennai, ranar 28 ga Janairun 1986. Uwarta ma jaruma ce, Sarika. Tana da ƙanwa ɗaya, Akshara, ta 1991.

Kafin in shiga tarihin, akwai abin da kwastomomina da yawa ba su rarrabewa. Indiya ba masana'anta ɗaya ba ce. Akwai ta Mumbai masu Hindi, su Shah Rukh Khan ke nan. Akwai ta Chennai masu Tamil, akwai ta Hyderabad masu Telugu. Yawancin finafinan faɗan da ake fassara mana, waɗanda jarumi ke dukan mutum ɗaya ya tashi da ƙura, daga biyun ƙarshen nan suke. Uban Shruti sarki ne a Tamil, amma ita ba a gidansu ta fara ba, kuma ba a gidansu ta yi suna ba.

Fim ɗinta na farko a matsayin jaruma shi ne Luck, na Hindi, a 2009, tare da Imran Khan da Sanjay Dutt da Mithun. Fim ɗin ya faɗi warwas, masu sharhi kuma suka yi mata kaca-kaca. A 2011 ta gwada Telugu da Anaganaga O Dheerudu, fim na tatsuniya wanda har kamfanin Disney ya zuba kuɗi a ciki. Ta samu kambun sabuwar jaruma, amma kasuwa ta ƙi. A shekarar ce ta fito da Suriya a 7aum Arivu, inda take ɗalibar kimiyya mai binciken jinin Bodhidharma, wani malamin addinin Buddha na zamanin da. Sai fim ɗin 3 da Dhanush a 2012, wanda waƙarsa ta zagaye duniya tun kafin ya fito, amma da ya fito bai kai yadda aka zuzuta shi ba. A wannan tsakanin masu harkar Telugu suka yi mata tambarin farar ƙafa, duk fim ɗin da ta taka sai ya rushe.

Abin da ya wanke ta shi ne Gabbar Singh a 2012, da Pawan Kalyan, wanda aka kwaikwayo daga Dabangg na Salman Khan. Fim ɗin ya yi kasuwa ta fitar hankali, waɗanda ke gudunta jiya suka dawo suna layi. Daga nan sai ta jero su: Balupu da Ravi Teja a 2013, Ramaiya Vastavaiya a Hindi shi ma 2013, Yevadu da Ram Charan a 2014, sai naki Race Gurram a 2014, wanda ya ba ta kambun Filmfare na gwarzuwar jarumar Telugu. Shekarar 2015 kuwa ba ta zauna ba: Srimanthudu da Mahesh Babu, Gabbar Is Back da Akshay Kumar, Puli da Vijay, Vedalam da Ajith.

Ki gaya wa ƙanin maigidanki ya duba ƙanwar. Uba ɗaya, uwa ɗaya, suna ɗaya. Akshara ma da ƙafar dama ta shigo, don fim ɗinta na farko a 2015, Shamitabh, da Amitabh Bachchan da Dhanush aka haɗa ta, daga baya har kamfanin uban ya sa ta a fim. Amma ni da nake zaune a shago tun safe har dare, ban taɓa jin wanda ya miƙo waya ya ce in tura masa fim ɗin Akshara ba. Shi kansa Imran Khan da suka yi Luck tare, Aamir Khan kawunsa ne, ga shi tun 2015 ya ɓace daga manyan finafinai shekara da shekaru.

Baba Tsohon Ɗan Kallo, Sabon Gari

'Yata Maman Nana, Allah ya yi wa Innarki rahama in ta rasu, in tana raye ya ƙara mata lafiya. Yaron nan Sani ya kawo na 'yar, bari in ba ki na iyayen, don mu muka kalle su a majigi lokacin da ake biyan kuɗin ƙofa a zauna a benci, sama a buɗe, in hadari ya taso kowa ya san inda dare ya yi masa.

Kamal Haasan ya shigo mana ne da Ek Duuje Ke Liye na 1981. Saurayi Batamile, budurwa mai jin Hindi, ba sa jin yaren juna, iyaye suka ce atafau, ƙarshe suka faɗa daga kan dutse suka mutu tare. Babu fassara a lokacin, babu rubutu a ƙasa, amma babu wanda ya fita bai gane ba. Sai Sadma a 1983 da Sridevi. Wanda ya ga ƙarshensa a tashar jirgin ƙasa ba zai manta ba: ta warke daga ciwon mantuwa ta manta shi, yana bin tagar jirgin jina-jina cikin taɓo, yana yi mata wasan birin da ke sa ta dariya a da, ita kuwa ta ɗauka mahaukaci ne ta miƙo masa abinci. Na ga ƙattin mahauta suna share ido da hular kansu a wajen nan. Shi ne kuma ya fito a wada a Appu Raja, muka yi ta musu a majalisa kan inda ya kai ƙafafunsa. A 2008 ya fito a mutum goma a fim ɗaya. Kuma shi ma tun yana yaro ƙarami ya fara, a 1960.

Amma ni wadda nake so ki sani ita ce uwar, don an cika danne ta. Sarika ba 'yar kowa ba ce. Tun tana 'yar mitsitsiya a shekarun 1960 aka sa ta gaban kyamara, wani lokaci har a yaro namiji take fitowa, kuma da kuɗinta ake cefane a gidansu bayan uban ya tafi ya bar su. Mu mun san ta ne a Geet Gaata Chal na 1975 ita da Sachin, yarinya mai idon mage. Da ta haɗu da Kamal sai ta ajiye fitowa a fim ta koma Madras, ta kama harkar suturar 'yan wasa a finafinansa. Nan ne zai yi miki daɗi: kambun gwamnatin Indiya na tsara sutura ta ci da fim ɗin Hey Ram na 2000, kin ga ashe abokiyar sana'arki ce. Auren ya mutu, aka rabu a 2004. Ta koma Mumbai tana da shekara arba'in da ɗoriya ta sake farawa, ta fito a Parzania a matsayin uwar da ɗanta ya ɓace a rikicin Gujarat na 2002, ta ci kambun ƙasa na gwarzuwar jaruma. Duk wanda ke neman inda Shruti ta samo taurin rai, ya fara dubawa ta nan.

Game da gado kuwa, ban san yaushe ya zama abin gori ba. Musa Ɗanƙwairo a gidansu ya tarar da kiɗa, wajen ubansa Usman Ɗanƙwanda, ya yi amshi shekaru kafin ya ja nasa ayarin. Mamman Shata bai gada ba, uban ma bai so ba. Wa ya taɓa rage wa Ɗanƙwairo daraja don ya gada, ko ya ƙara wa Shata don ya yi haye? Abin da ke fita daga bakinsu aka saurara.

Ummi, Samaru

Baba, Allah ya ƙara girma, amma a yi mini afuwa, zan ɗan karkata wajen ƙanin mijin Anti, ko da yake ba duka ba.

Yaya Sani da bakinsa ya lissafa yadda ta yi shekara uku tana fitowa a manyan finafinai ana asara ko ana tsallake rijiya da baya. To ni a nan nake ganin aikin sunan. Yarinyar da ta zo daga ƙauye da jakarta, fim ɗaya za ta kayar a manta da lambar wayarta. Ita kuwa ta faɗi a Hindi aka ɗauke ta a Telugu da kuɗin Disney, aka kuma haɗa ta da Suriya da darakta Murugadoss a Tamil. Daraktar fim ɗin 3 ma 'yar Rajinikanth ce, babban jarumin Tamil, sunanta Aishwarya. Ɗiyar wan ubanta, Suhasini, babbar jaruma ce kuma matar darakta Mani Ratnam. Ba lallai uban ya ɗaga waya ya roƙi kowa ba, kuma ban ce ya yi ba. Sunan da ke kan fasta ya isa ya sa furodusa ya sake gwadawa.

Kuma ku dubi mazan da aka jero. Ram Charan ɗan Chiranjeevi ne, Pawan Kalyan ƙanin Chiranjeevi ne, Allu Arjun ɗan furodusa Allu Aravind ne. Mahesh Babu ɗan jarumi Krishna, Suriya ɗan jarumi Sivakumar, Vijay da Dhanush 'ya'yan daraktoci. A cikin jaruman Tamil da Telugu na jerin nan kaf, Ravi Teja da Ajith ne suka shigo ba su da kowa. Masana'antar 'yan gidaje ce kawai, sai dai mace ake tsarewa da tambaya. Ban taɓa jin an tare Mahesh Babu a zauren nan an ce sunan uba yake ci ba.

Inda nake da ƙorafi a kanta shi ne irin rawar da take karɓa. A yawancin finafinan da suka yi kasuwa, aikinta ta yi kwalliya, a yi waƙa huɗu, bos ya sace ta, jarumi ya zo. Gabbar Singh ɗin da aka ce ya wanke ta, mutane Pawan Kalyan suka je gani. A Janairun 2023 finafinanta biyu suka fito kwana ɗaya tsakani, Veera Simha Reddy da Balakrishna, da Waltair Veerayya da Chiranjeevi. Chiranjeevi haihuwar 1955 ne, ubanta na 1954. A 2014 tana budurwar ɗan Chiranjeevi, Ram Charan, a 2023 tana budurwar uban, su kuwa mazan ba sa tsufa a fim. A Salaar da Prabhas ma, rabin fim ɗin tana zaune ne ana ba ta labari.

Ba wai ba ta iya ba ne. Wanda ya kalli rabin ƙarshe na 3, inda take bin diddigin abin da ya kashe mijinta, ko D-Day na 2013 inda ta fito a karuwa mai tabo a fuska a Karachi, ya san akwai abu a wajen. Shi ya sa abin ke ba ni haushi. Mai irin wannan gata ita ce ya kamata ta iya cewa a'a.

Abba, Ƙofar Doka

Ni dai Krack na sani, inda Shruti ta fito a matar ɗan sanda, ta tattare sari ta lallasa ƙattin da suka zo kashe ta. Tun daga ranar na daina ɗaga wa uwargida murya.

Maman Nana, Tudun Wada

Abba Allah ya shirye ka. Baba na gode, Inna tana nan da ranta, ido ne dai ya hana ta zura zare. Ummi ƙanwata, maganar sake ba da dama ta shige ni, don ni ma na ɓata wa matar wani alhaji leshi a shekarata ta farko, ta dawo da wani saboda kunyar Inna. Amma har yanzu ba wanda ya taɓo mini batun waƙar.

Ɗan Fiyano, Gyallesu

Hajiya, waƙar na zo yi miki bayani, don sana'ata ce, ina buga fiyano a situdiyo.

Yadda Fati Nijar ke rerawa jarumar Kannywood ta motsa baki, haka abin yake a Indiya tun zamanin Lata Mangeshkar da Asha Bhosle. To Shruti tana cikin 'yan ƙalilan da ke tsayawa gaban makirfo da kansu, kuma da waƙa ta fara kafin fim. Tana 'yar shekara shida, a 1992, ta rera a fim ɗin ubanta Thevar Magan, a ƙarƙashin Ilaiyaraaja, wanda a kudancin Indiya ba a haɗa shi da kowa wajen kiɗa. Ta sake rerawa a Chachi 420 a 1997, fim ɗin da uban ya yi shigar tsohuwa don ya riƙa ganin 'yarsa. Bayan ta karanci ilimin halayyar ɗan Adam a wata kwaleji a Mumbai, sai ta tafi Amurka, makarantar Musicians Institute da ke Kalifoniya, ta karanci kiɗa. Ta ma yi ƙungiyar kiɗanta irin na Turawa masu jita da ganguna.

A 2009, tana da shekara 23, ita ta tsara kiɗan fim ɗin Unnaipol Oruvan gaba ɗaya. A nan kam zan ba Ummi gaskiya ba musu: fim ɗin ubanta ne, kamfaninsa ne, kuma babu yaron situdiyo mai shekara 23 da za a damƙa wa irin wannan aiki don kawai ya iya. In ana neman inda hannun uba ya fito fili, ga shi nan. Amma ki lura, a wasan kwaikwayo ba haka ba ne. Ban da ɗan leƙowar da ta yi a Hey Ram tana yarinya, fim ɗin da suka fara tare a 2016, Sabaash Naidu, tsayawa ya yi bayan uban ya faɗi ya karya ƙafa, har yau bai fito ba.

Muryarta ba siririya ba ce irin wadda kunnenmu ya saba da ita a waƙar Indiya. Tana da kauri da ɗan gurzo, daga ƙirji take fitowa. Shi ya sa ko a finafinanta ba ita ke rera yawancin waƙoƙin soyayya masu sanyi ba, wasu ake ɗauka. Masu kiɗa suna kiranta ne in suna son waƙa mai zafi. Harris Jayaraj ya sa ta a Vaaranam Aayiram a 2008, tun ba ta fara fitowa jaruma ba. Ta rera da Dhanush a 3, ta rera da Vijay a Puli, a Race Gurram ɗin naki ma akwai muryarta. A Tevar na 2015 kuwa ita ta rera, aka ɗora waƙar a kan jaruma Sonakshi Sinha. Kuma ita ma ta taɓa sana'ar fassara, don ita ce muryar Elsa a Frozen 2 na yaren Tamil a 2019, magana da waƙa duka.

Abin da ya sa nake ganin girmanta shi ne abin da ta yi bayan 2017. Kasuwarta na ci, ta dakatar da finafinai kusan shekara biyu, ta riƙa zuwa Landan tana zama gaban fiyano a ƙananan ɗakunan kiɗa tana rera waƙoƙin da ta rubuta da Turanci, a gaban mutanen da sunan Haasan bai dame su ba. A 2020 ta saki tata waƙar mai suna Edge, fiyano ne da murya kusan zalla. Na sa wa yaran situdiyonmu ita, suka ce ba ta da daɗin rawa, kuma gaskiyarsu, ba don biki aka yi ta ba. A nawa ganin mawaƙiya ce da fim ke ciyar da ita. Ummi na cewa me ya sa take karɓar fitowa da sa'o'in ubanta. Ni ma da rana waƙar siyasa da ta amarya nake bugawa, wanda nake so sai dare in an watse.

Ba kuma ta da ɓoye-ɓoye irin na 'yan fim. Da aka dame ta da zancen fuskarta ta canja, fitowa ta yi a 2020 ta ce e, an yi mata aiki, ba ta kuma jin kunyar faɗa. A 2022 ta bayyana cewa tana fama da lalurar mahaifa da ke dagula wa mata al'ada. Wannan a yaba ko a kushe, ya rage wa mai kallo.

Sani Mai Tura Fim, Kwangila

Ɗan Fiyano ka manta ɗaya, a 2024 sun yi waƙa tare, uban ya rubuta baitocin, ita ta yi kiɗan ta rera, darakta Lokesh Kanagaraj ya fito a bidiyon. Shi ne kuma ya sa ta a Coolie na 2025 tare da Rajinikanth, tsohon kwandastan bas ɗin da fim ɗinsa na farko a 1975 Kamal Haasan ne jaruminsa.

Anti, ki aiko ɗaya daga cikin yaran shagon da memori mai wuri, in zuba miki 3 da Srimanthudu da Krack. D-Day ban ba ki shawarar kalla da 'yan mata ba. Sadma na Baba kuma babu fassararsa a wajena, sai dai in samo miki mai Hindi zalla, in za ki iya.